Gorar Rubutun da Ba Ta Hau Jirgi Ba

Mun tashi da asuba daga Fassi, ana sallame salla, ni da Kawu ƙanin mahaifiyarmu, a kan tsohon babur ɗinsa. An yi ruwa, hanya duk ta yi caɓi. Akwatina yana ɗaure a baya da roba, ni kuma na rungume jakar hannuna a ƙirji. Ku da kuke ta tambayata yadda tafiyar Masar ta kasance, to ga ta nan zan faɗa sau ɗaya, don wallahi na gaji da maimaitawa.

Yayana, wanda nake bi, ya yi wata biyu kwance a wani asibiti a Alƙahira da ciwon ƙoda. Matarsa ce kaɗai take jinyarsa. Sai ta bugo waya ta ce likita ya ce a turo namiji daga dangi. Kowa ya gane abin da ake nufi, amma babu wanda ya furta. Ni malamin firamare ne a Rano, iyakar tafiyata Kaduna, sai dai ina ɗan jin Turanci, don haka aka ce ni zan je. Da aka tambayi Yaya abin da yake so a kai masa, bai ce kilishi ba, bai ce fura ba. Cewa ya yi a kai masa rubutun Malam.

Malam shi ne mahaifinmu, haka muka tashi muna kiransa. Ya fi shekara hamsin yana koyar da karatun allo a zauren gidanmu, kuma duk yaron da ya yi zazzaɓi a unguwar ya sha rubutunsa. Amma yanar ido ta rufe masa gani, ya kai shekara biyu bai riƙe alƙalami ba. Da ya ji saƙon Yaya sai ya sa aka dafa masa sabuwar tawada da ƙaro, aka fere masa alƙalami. Na ce ya bari ni in rubuta shi yana karantawa, ya ce ai ba rubutuna aka nema ba. Kwana bakwai yana fitowa da hantsi, lokacin da haske ya fi ƙarfi, ya kara allon har yana taɓa hancinsa, ya rubuta, ya wanke a ƙwarya, ya jira allon ya bushe, ya sake. Idanunsa suna zubar da ruwa, ba ya ko gogewa. A rana ta bakwai aka tace aka cika babbar gorar roba, irin ta ruwan sayarwa. Da zai miƙa min ya ce kada in ajiye ta a ƙasa, kada a tsallaka ta, kada in haɗa ta da takalma. Na ce to.

A tashar Rano muka bar babur wajen wani mai shayi da Kawu ya sani, muka shiga motar Kano. Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ce man fetur ne, wani fasinja ya ce ai jiya ma a gidan mai ɗaya suka sha, kuma bai ga an ƙara ko kwabo ba. Aka yi ta cacar baki har muka bar duwatsun Rano a baya. Mutum huɗu aka cusa a kujerar mutum uku, kuma da yaron mota ya nemi ya sa jakata a but, harara ɗaya na yi masa ya ƙyale ni. Gonaki sun yi kore shar, dawa ta kai ƙugu, shinkafa tana kwance cikin ruwa. Hanyar Bunkure kuwa ramuka ne ake ratsawa, direba yana ta kauce musu kamar mai tallar kaya gida-gida. A Karfi mata da yara suka yanyame motar da gasasshiyar masara. Kawu ya sayi huɗu a naira tamanin ya ba ni biyu, na kasa ci, ya haɗa duka ya cinye.

Kawu shi ne masanin jirgi a danginmu, saboda ya sauke farali tun zamanin soja. Tun daga Rano yake ba ni darasi. Ya ce jakar hannu ba ruwan kowa da ita, shi da jarkar fura ya hau, da jarkar zamzam a kan cinya ya dawo. Ya ce abin da aka hana wuƙa ce da bindiga, ni kuwa ko reza ba ni da ita. Da muka shiga Kano ta Na'ibawa sai ya koma nuna min allunan zikiri da aka kakkafa a bakin titi, da hotunan 'yan takara da ruwa ya jiƙa suna saɓulewa daga bango. Muka hau adaidaita sahu zuwa filin jirgi, mai tuƙin ya ga akwati ya ninka kuɗi, Kawu ya yi ta masifa sannan ya biya.

A ƙofar shiga aka tsayar da Kawu, don ba a barin ɗan rakiya ya wuce. Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce in gaishe masa da ɗansa, wato Yaya. Ya juya da sauri yana cewa yana son ya kama motar azahar.

A nan zan faɗi laifina, don kada wani ya ɗora wa ma'aikata. A wurin auna kaya, matar da ke karɓar fasfo ta gaya min da Hausa tsantsa cewa in akwai wani abu mai ruwa-ruwa a jakar hannuna, turare ne, man shafawa ne, zuma ce, in zuba shi a akwati yanzu, don a ciki ba za a bari ba. Ta nuna min allo mai hotuna, ga almakashi, ga wuƙa, ga kwalba an ja mata jan layi. Na ji ta sarai. Na ma sa hannu a zif ɗin jakar. Sai na hango yadda ake yi da akwatunan: wani ƙato yana ɗaga su yana wurgawa, ya taka wannan ya janyo wancan. Ga shi a cikin nawa akwatin akwai takalmana da silifas ɗin wanka. Maganar Malam ta dawo min. Na ce a raina, a Kano nake, wane Musulmi ne zai ƙwace rubutu daga hannun mutum? Na ce mata babu komai. Ta manna wa akwatin takarda, ya tafi ina kallo.

Layin bincike ya yi tsawo. Ana cire agogo, ana cire bel, ana zuba waya da tsabar kuɗi a faranti. A gefen na'urar akwai tebur da ya cika da kayan mutane: kwalaben turare, man shanu a gwangwani, zuma, almakashi, abin yanke farce, har da askar wanzami. Wani Alhaji a gabana ya yi ta rantsuwa cewa turarensa ya fi albashin mai binciken tsada. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya buɗe ya feshe kansa tun daga hula har takalmi, duk layin muka yi ta atishawa. Wata mata kuma ta wuce da ƙullin daddawa mai cika hanci, babu wanda ya ce mata uffan, tunda busasshiya ce. Na yi dariya, ban san nawa yana tafe ba.

Jakata tana shiga na'ura sai aka tsayar da ita. Ma'aikacin da ya buɗe magidanci ne, Bahaushe, da tabon salla a goshi. Ya ciro gorar, ya ɗaga ta ya ga baƙin da ya kwanta a ƙasa, sai na ga ya sauya riƙo ya tallafe ta da hannu biyu. Ya tambaye ni rubutu ne, na ce rubutu ne, na ba shi labarin Yaya da na idanun Malam, ina magana ina haɗa gumi. Ya saurara har na gama. Sannan ya yi min bayani a hankali, cewa tun da aka kama wasu a Turai suna shirin tarwatsa jirage da sinadarai a kwalaben abin sha, aka hana shiga da duk wani ruwa da mazubinsa ya wuce mililita ɗari, wato kamar ƙaramin kofin shayi. Magani da abincin jarirai ne ake ɗaga wa ƙafa, shi ma magani sai da takardar likita. Na ce ai wannan magani ne. Ya ce ya sani, amma wane likita ne ya sa hannu?

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya. Na ce ashe Shari'ar da ake ta faɗa iyakarta bakin titi. Ban ji daɗin wannan magana ba daga baya, don mutumin bai cancance ta ba. Bai yi fushi ba, ya dai rage murya ya ce:

"Malam, ni ma da wannan aka raine ni. Amma ko na bar ka akwai wani binciken a ƙofar jirgi, su kuma a kwandon shara za su jefa. Ni ba zan jefa ba, kai ma na san ba ka so a jefa."

Na roƙi a dawo min da akwatina, aka ce an riga an loda. Na kira Kawu, yana cikin mota har sun wuce Na'ibawa, ga hayaniya ba ma ya jina. Ma'aikacin ya ce in da ƙaramar kwalba zai bari in ɗibi kaɗan. Muka duba, duk abin da ke kan teburin manya ne, shi ya sa ma aka karɓe su, ƙananan da ke hannun mutane kuwa cike suke da turare. Sai ga sanarwa ana kiran masu tafiya Alƙahira. Na tsaya riƙe da gora, ƙuguna babu bel, wandona yana zamewa, na rasa inda zan sa kaina.

Wata dattijuwa da ke bayana, Hajiya ce mai haƙorin Makka, ta taɓa ni ta ce, "Ɗan nan, ba ka da farin ƙyalle?" Ta ce haka iyayensu suke yi wa mai tafiya mai nisa, a jiƙa auduga ko ƙyalle da rubutu a shanya, in an isa a jiƙa a sha. Akwai sabon hirami a kafaɗata. Na girgiza gorar sosai don baƙin ya taso, na naɗe hiramin a tafin hannu, na rinƙa tsiyayawa kaɗan-kaɗan har ya ƙoshi ya fara ɗiga. Hajiya ta ba ni leda na sa. Na dubi ma'aikacin, ya ce shi ƙyalle ba ya cikin takardarsa.

Amma gorar ko kashi ɗaya cikin biyar ba ta ragu ba. Ba a zubar da rubutu a ƙasa, ba a kai shi banɗaki, kwandon shara kuwa ba a ma maganarsa. Hajiya ta yi bisimilla ta kurɓa sau uku. Na miƙa wa wasu, kowa yana sauri. Sai na tsuguna a gefen na'urar, tunda ba a sha a tsaye, na kafa kai. Ɗanɗanon ƙaro da gawayi ya cika min baki, shi ne dai wanda na sani tun ina yaro. Ina sha ina hutawa, hawaye suna zuba, mutane suna ratsa ni da jakunkunansu. Aikin kwana bakwai na idon tsoho, na shanye shi cikin minti biyar. Na ɗauraye gorar da ɗan ruwan da ma'aikacin ya ba ni, na shanye wannan ma, sannan na bar masa ita.

Ina shiga zauren jira, abu na farko da na gani shi ne kanti, an jera gorunan ruwa iri ɗaya sak da wadda na bari, ana sayar da kowace naira ɗari biyu, kuma ita an yarda ka hau da ita. Na wuce na nemi wurin zama.

Game da jirgi ba ni da labari mai yawa. Wanda ya sha abin da na sha, rabin tafiyarsa a layin banɗaki yake yinta. An kawo shinkafa da kaza a ɗan faranti, da wuƙar roba wadda ko tumatir ba za ta yanka ba. Ta taga na ga kore yana raguwa har ya ƙare, sai rairayi ja babu iyaka. Ledar hiramin tana cikin aljihun gaban rigata, sanyinta yana taɓa ƙirjina.

Alƙahira gari ne da ba ya shiru. Motoci suna ta hon ba dalili, gidaje a kan gidaje, kowane da shanya a baranda. Mai tasi ya ce min shi yana son 'yan Najeriya ƙwarai, sannan ya karɓi ninki biyu na abin da aka ce in biya. Abincinsu gurasa ce da dafaffen wake da mai, da shayi mai sukari kamar za a yi alewa. Gurasar tana da araha, yara suna ɗauke da ita a faifan katako a kan keke. A ɗakin da matar Yaya ta kama kusa da asibiti na shanya hiramin a bayan kujera, na kunna masa fanka. Da ya bushe sai ya zama toka-toka, ya yi ɗan tauri kamar an sa masa sitati.

Da safe muka je. Ban gane Yaya ba sai da ya yi magana. Mutumin da yake ɗaga buhun shinkafa shi kaɗai, ga shi fuska ta kumbura, hannu duk tabon allura. Ya tambayi Inna, ya tambayi gonarsa ta hanyar Rurum ko an yi mata noma na biyu, sannan ya ce ina saƙon Malam. Na ciro hiramin. Ya karɓa ya dube ni, ya kai hanci ya shaƙa, ya rufe ido. Ya ce yana jin warin zaure.

Matarsa ta kawo rabin kofi na ruwa, muka tsoma gefen ƙyallen muka matse, ruwan ya ɗan yi duhu. Ta ba shi da cokali. Ta ce min kada in damu, ai likita ya ƙayyade masa ruwa, ko gorar ta iso ba za a bar shi ya sha da yawa ba. Na san don ta kwantar min da hankali ta faɗa. Yaya dai ya san mahaifinsa, ya san Malam ba zai aiko da ƙyalle ba tare da bayani ba. Ya tsare ni da ido har na faɗa masa komai, tun daga matar auna kaya har tsugunona. Na zaci zai yi fushi. Sai ya fara dariya, dariyar ta zama tari, da ya lafa ya ce:

"Kai dai tun muna yara kake shanye min rabona."

Kwana tara muka yi muna jiƙa hiramin, kullum wani gefe. Ruwan yana ƙara haske har ya zama ba ka bambanta shi da na famfo, amma kullum sai ya nema. A rana ta tara, bayan la'asar, ya cika, ina riƙe da ƙafarsa. A can muka binne shi, wasu ɗalibai 'yan gida da ke karatu a birnin suka taya ni wanka da salla, Allah ya saka musu. Mu tara ne a kan kabarin mutumin da in a Fassi ne da sai an rasa wurin tsayawa.

A dawowa ban bar komai a jakar hannu ba sai fasfo, da hular Yaya, da hiramin. Sauran duka na zuba a akwati, har ɗan almakashin da yake gyara gemu da shi. Na wuce bincikensu babu wanda ya ko dube ni. Tare da matar Yaya muka taho daga Alƙahira har Kano. Kawu ne ya tare mu, wannan karon bai ba ni darasin komai ba. Dawa ta ƙara tsayi a hanyar Rano, masu masara suna nan a Karfi, babu wanda ya saya a cikinmu.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ku riƙe. In ma'aikacin filin jirgi ya ce ka sa abu a akwati, ka sa, kada ka yi masa fatawa a zuciyarka. In rubutu za ka kai wa mara lafiya, a jiƙa a auduga a shanya tun daga gida, ko a zuba a 'yar ƙaramar kwalba, ko a naɗe gorar da tsabtataccen zane a akwatin da babu takalmi. Kuma kada ka ɗauki shawarar jirgi daga wanda rabonsa da hawa tun zamanin soja, ko da kawunka ne.

Mun isa Fassi da yamma. Bayan masu gaisuwa sun ragu na shiga zaure na tarar da Malam shi kaɗai a kan buzu. A 'yan kwanakin nan idon ya ƙarasa rufewa, da murya ya gane ni. Ya tambayi yadda aka yi wa Yaya sutura, da wanda ya ja salla, da ko an fuskantar da shi alƙibla daidai. Na amsa duka. Sannan ya yi tambayar da na taho da tsoronta tun daga Masar.

"Ya sha?"

Tun a jirgi na shirya zan ce ya sha, in tsaya a nan, kuma ba ƙarya ba ce. Amma da na ga idanun nan sai na kasa. Na sa masa hiramin a hannu na faɗa masa yadda aka yi. Ya rinƙa shafa ƙyallen da yatsu, yana juya shi.

"Sauran fa?"

"Ni na sha, Malam."

"Duka?"

"Duka."

Ya ci gaba da shafa ƙyallen. Da ya daka min tsawa da na fi jin sauƙi. Can ya ninke hiramin ya sa a ƙarƙashin buzu, ya ce da sunan Yaya ya rubuta, amma Allah ya san cikin da zai shiga, Allah ya sa ya amfane ni. Ya ce in tashi in je in ga Inna.

Allon yana nan jingine da bangon zaure, a wanke, babu wanda ya sake rubutu a kansa. Yau wata uku da dawowata. Damina ta wuce da zazzaɓinta, ta kwantar da kowa a gidanmu har da jarirai. Ni kuwa ko ciwon kai ban yi ba, kuma duk wanda ya ce min na yi kyau, sai in ji kamar in shige ƙasa.